Abin da Murja Take Ɗauke da Shi

Ku matso nan. Sagiru, kashe tocilan nan, kana haska mini ido. Kai da ka ce ba ka jin tsoro, koma bakin ƙofa ka zauna mu gani. Kuma kada wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", wannan ba tatsuniya ba ce. Matar da abin ya faru da ita layinmu ɗaya lokacin da nake karatu a Yola. Da bakinta ta gaya mini, sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Sunanta Murja. Mijinta Malam Jazuli, malamin labarin ƙasa ne a sakandare. Yana da kyauta, ban hana shi ba. Amma bakinsa, wa'iyazubillahi. Irin mutanen nan ne da ba sa bari ka kai ƙarshen magana. Ka ce "ina so", ya ce "na sani". Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, har dangi suka gaji da tambaya suka koma kallo.

Da aka yi dogon hutun damina sai ya zo da wata shawara. Wai su bi duwatsun kan iyakar Kamaru a ƙafa, ta tsohuwar hanyar fatake, hutun gaba ɗaya. Su kwana a tanti, su dafa a risho. Mutane suka ce, "Malam, lafiyarka? Ga mota, ga babur?" Ya ce ba za su gane ba. Murja kuwa ta yarda. Ta ce mini gara dutse da gidan suna, can babu mai kallon cikinta.

Ya sayo jakunkunan goyo manya guda biyu, masu maɗauri a kafaɗa da ƙugu. Suka cusa tanti, da tukunya, da garin kwaki, da kilishi, suka kama hanya.

Da farko abin ya yi daɗi. Ciyawa shar har gwiwa. Hazo yana saukowa ya rufe su, ya ɗage ya bar su a kan tudu suna hango duniya a ƙasa. Su sayi nono a ruga, su wanke ƙafa a ƙorama, su wuce. Sati ya bi sati.

Sai warin kilishi ya fara tayar wa Murja zuciya. Ta yi lissafi. Tun kafin su baro gida ba ta ga abin da mata ke gani ba, ga wani watan ma ya wuce. Ummul, ke kin gane, ƙyale waɗannan. Ciki ne. Bayan duk shekarun nan, a kan dutse, ciki ya zo. Ta shiga bayan wani dutse ta yi kuka don murna, ta toshe baki kada ya ji.

Da ta fito ta ce, "Malam, ina da magana."

Ya ce, "Na sani, ƙafarki ce. Ki daure, sai mun kai sama."

Washegari ta sake gwadawa. Ya ce ya sani, gishiri ne ya ƙare. Sai ta ce a ranta, shi ke nan, in sun hau dutsen da ya fi kowanne tsawo za ta gaya masa a can.

Ran da suka fara hawan dutsen, rana tsaka ce, ana yayyafi. Ku bar ganin dare kawai ake tsoro. Hanya ta matse, dama kwazazzabo, hagu bangon dutse. Taɓo har idon sawu.

Sai ga wata mata a tsaye a gabansu.

Doguwa. Siririya. Ana yayyafi, amma zanenta a bushe. Ga taɓo ko'ina, babu sawu ko ɗaya a bayanta. Ta ɗaura majanyi tamau kamar mai goyo, bayan nata kuwa fayau, babu kowa. Kuma tana jijjiga shi.

Ta ce, "Sannunku da hanya."

Bakinta yana gabansu, amma muryar daga bayan kunnensu ta fito. Murja har ta waiga. Jazuli ko a jikinsa, yana duba taswira.

Ya ce, "Yauwa, sannu Inna."

Matar ba ta dubi fuskar Murja ba. Ƙasa ta duba, daidai cibiya.

"Yarinya, ya goyo?"

Jazuli ya fashe da dariya. "Inna, jaka ce. Ai wannan ne kaɗai goyon da ta iya."

Kun ji fa. A gaban baƙuwa. Wallahi duk sanda na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To, ya rayu."

Ku lura da kyau. In an yi haihuwa me ake cewa? Allah ya raya. Ita ba ta ambaci Allah ba. Murja ta ji gibin, amma zuciyarta tana kan abin da ke cikinta, kuma tunda take ba a taɓa yi mata irin wannan addu'ar ba. Bakinta ya riga ta.

"Amin."

Matar ta raɓe jikin dutse, suka wuce. Murja ba ta sake waigawa ba.

Ba su yi nisa ba jakar ta ƙara nauyi. Murja ta ce ko ruwa ta sha. Can sai ta ji ɗumi a bayanta. Ba ɗumin gumi ba. Ɗumin jiki. Can kuma sai iska a ƙeyarta, tana zuwa tana komawa, a hankali.

Bashari, sake mini hannu, za ka karya ni.

Da la'asar suka tsaya salla, ta kai hannu za ta sauke jaka. Maɗauri ya ƙi. Jazuli ya ja, ya ja. Ya duba sai ya ga maɗaurin ya nutse cikin kafaɗarta, babu inda yatsa zai shiga. Ya zaro wuƙa ya ɗan yanka gefen maɗaurin. Murja ta ƙwalla ƙara. Jini ya fito, daga maɗaurin, ba daga jikinta ba.

Ranar a durƙushe ta kwana. Tsakanin kafaɗunta wani abu yana tsotso, cak, cak, cak.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa Jazuli, ya tsorata don ita. Ya zauna yana karanta mata Ayatul Kursiyyu yana tofawa. Kuma in yana karatu abin yakan yi lamo, har maɗaurin ya ɗan saki. Da ya dage, da an rabu lafiya. Amma mutumin ba shi da haƙuri. Ya yi kaɗan, ya ga jakar ba ta faɗi ba, ya ce su tashi su nemi mutane.

Suka yi ta tafiya. Babu ruga, babu hayaƙi. Murja tana tafe a duƙe, tana ramewa kana gani. Harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi nishi kafin ta fito. Hannunta ɗaya kullum yana kan cikinta. Ba mutuwarta take tsoro ba.

Kusa da ƙololuwar dutsen suka tarar da wani tsoho makiyayi, ya rataya sanda a wuya. Shanunsa farare tas. Babu mai tuƙa, babu mai kaɗa wutsiya. Babu ƙuda ko ɗaya, babu warin kashi. Garke guda, shiru kamar an zana su.

Jazuli ya ruga. "Baba, ka taimake mu don Allah!"

Tsohon ya ɗan yamutsa fuska da jin sunan. Ya zagaya Murja yana kallon jakar.

"An ɗora mata," in ji shi.

Muryar daga bayan kunne ta fito. Murja ta gane. Ta kama rigar mijinta tana ja.

Tsohon ya ce, "Abin da ke bayanta uba yake nema. Muddin yana ganin yana da uba a nan, ba zai sauka ba sai ya shanye ta. Ba za ta kai gobe ba."

"Me zan yi, Baba?"

"Abu kaɗan. Ka tsaya ka ɗaga murya. Ka rantse duk abin da matar nan take ɗauke da shi ba naka ba ne. Ka ce ka yafe wa mai so."

Murja ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata. "Malam... a'a..."

"Yi shiru, Murja, yanzu za ki huta."

"Ciki..."

"Na sani, yana ciki. Yanzu zai fita."

"Ba... jakar..."

Tsohon ya ce, "Ba ita ke magana ba, shi ne. Toshe bakin."

Ya toshe. Da tafin hannunsa ya toshe bakin matarsa. Ta cije shi har haƙoranta suka haɗu da ƙashi, bai saki ba. Hawayenta yana bin yatsunsa. Ya ɗaga kai ya yi ihu, dutse yana amsawa.

"Na rantse, duk abin da matar nan take ɗauke da shi ba nawa ba ne! Ba nawa ba ne! Na yafe wa mai so!"

Maɗauri ya saki. Jakar ta faɗi tim.

Jazuli ya zazzage ta. Tanti. Tukunya. Garin kwaki. Ban da su babu komai. Tun farko ma babu komai a ciki, tarko ne kawai. Ya yi dariya, yana haki, yana cewa, "Kin gani? Kin gani?"

Murja ba ta dube shi ba. Hannuwanta biyu suna kan mararta. Babu ciwo. Babu jini. Wurin ya yi sanyi kawai, kamar ka taɓa randa da asuba.

Suka ɗaga kai. Babu tsoho, babu shanu, ciyawar ko kwantawa ba ta yi ba. Can sama a kan hanya, doguwar matar nan ce take hawa. Majanyin nata yanzu ba fayau yake ba. Akwai ɗan tudu a ciki, bai fi dunƙulen hannu ba. Tana bubbuga shi a hankali.

Ta tsaya. Ba ta juyo ba, amma suka ji ta a bayan kunnensu.

"Mun gode, Malam. Mu ba ma sata. Sai an ba mu."

Hazo ya rufe ta.

Jazuli ya juyo. "Murja, me ta ɗauka? Mene ne a bayanta?"

Harshenta ya warware sarai. Ta dube shi ta ce, "Ai ka ce ka sani."

Suka sauko daga dutsen. A asibitin garin da ke ƙasa aka duba ta, aka ce ba a ga alamar ta taɓa ɗaukar ciki ba. Da suka dawo gida ta nemi takardarta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ya durƙusa, ya yi kuka, ya turo manya. Ta ce wa manyan, mutumin da ya rantse abin da take ɗauke da shi ba nasa ba ne, me kuma zai yi da ita? Daga baya ta yi wani auren. Har yau ba ta haihu ba.

Shi kuwa ya bar koyarwa. Duk damina yana komawa dutsen nan shi kaɗai, babu tanti, babu guzuri. Fulanin wurin, na gaske, masu shanu da ƙuda, sun san shi. Sun ce yakan tsaya a matsattsiyar hanyar nan da rana tsaka yana ihu har muryarsa ta dushe.

"Nawa ne! Ku dawo mini da shi, nawa ne!"

Kun san dutse, abin da ka faɗa shi yake maido maka. Amma ban da Jazuli. Shi in ya yi ihu, sai dutsen ya yi jim, sannan ya amsa da muryarsa ta wancan ranar, garau, babu dushewa.

"Ba nawa ba ne."

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi hanyar dutse shi kaɗai, ko da rana ce. In baƙo ya yi muku addu'a ba ku ji sunan Allah a ciki ba, ku haɗiye amin ɗinku. In kuma wanda kuke tafe da shi ya buɗe baki, ku bari ya kai ƙarshe.

Ku tofa addu'a ku kwanta. Sagiru, na ga ka baro bakin ƙofar. Koma ka sa sakata.