Reshen Magaryar Kura

Rana ta faɗi a unguwar Gamalakhe kamar kullum. MaCele na tuƙa tuwon masara, mijinta Bhekumuzi na goge sabuwar motarsa karo na uku tun safe, 'yarsu Zibuyile na kwashe shanya. Sai dutse ya sauka a kan kwanon ɗaki. Na biyu ya biyo, ya gangara a hankali, kamar mai jifan na so a ji tafiyarsa har ƙasa.

MaCele ba ta tsaya tambaya ba. Ta ajiye muciya, ta nufi shingen da ya raba ta da MaHlongwa, maƙwabciyar da ba sa ga-maciji tun rigimar akuya.

"MaHlongwa! Motar ce ta tsone miki ido? Ki ja wa jikokinki kunne!"

"Wace motar? Wannan akwalar? Jikokina na cin abinci. Je ki binciki gidanki, baiwar Allah."

Kwana huɗu ana jifa, kullum tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu. MaCele ta barbaɗa toka a gindin shinge don ta kama sawu, ba ta ga ko na kaza ba. Ta tara duwatsun a bokiti: jajaye ne, masu danshi, babu irinsu a unguwar. Ta zargi ƙanwar mijinta. Ta zargi wanda ya sayar musu da mota. Shi kansa mijin ta fara shinshina rigunansa. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba, yawon da suka je ranar Lahadi a kwazazzabon Oribi, inda Bhekumuzi ya ƙame a kan gadar igiya yana kiran uwarsa, suna ta sheƙa masa dariya.

A yamma ta biyar Zibuyile ta ƙi tuwo. Ta tsuguna a bakin ƙofa, tsugunon maza, ta kalli uwarta kallon baƙo.

"Matar gida," ta ce da muryar tsoho, da karin harshen mutanen Mpondo, "babu taba a gidan nan?"

Washegari da la'asar aka ɗauko Gogo Khuzwayo, sangoma ce, wato bokanya, da ta shekara arba'in tana duba. Ta kunna ganyen turare, ta watsa ƙasusuwanta a tabarma, ta daɗe tana kallo. MaCele ta matso.

"Gogo, ai na san mai aikin. Ga gidanta can."

"Rufe mini baki. Me kuka ɗauko daga wani wuri?"

Tsohuwar ta miƙe, ta shiga ɗakin yarinyar, ta fito da busasshen reshe mai ƙaya da aka soke a bayan madubi. Magaryar kura. Bhekumuzi ya zauna daɓas. Kowa ya san da wannan reshen ake zuwa ɗauko kurwar wanda ya mutu a nesa: a kira shi, a faɗa masa kowane kogi da za a haye, a gaya masa an iso gida.

Sai a lokacin MaCele ta tuna. A ƙetaren gada yarinyar ta karya reshen tana tsokanar uban da shi: taso Baba mu tafi gida, yanzu za mu haye. A kan kogin Mzimkhulu ta ce, ga ruwa Baba, rufe ido. A ƙofar gida ta ce, mun iso Baba. Ita uwar, da furfurarta, dariya take yi.

Inuwa ta cika tsakar gida. Gogo Khuzwayo ta durƙusa gaban Zibuyile, ta tafa hannu sau biyu.

"Wane ne kai?"

"Sigcinile Madikizela, na garin Bizana. Yankan rake na zo. Hazo ya ɓatar da ni a bakin kwazazzabo, tun babu gada. Na jira dangina, ba su zo ba. Wannan ta zo da reshe, ta kira ni."

"Ba kai ta kira ba."

"Ni na amsa. An kawo ni, babu taba, babu giya, babu mai yi mini sannu. Duwatsun makwancina na jefo don a san ina nan. Ku ba ni wuri cikin kakanninku."

"Su ba jininka ba ne. Kakanninsu za su kore ka."

"To in zauna a jikin yarinyar. Akwai ɗumi."

MaCele ta yunƙura, tsohuwar ta danne mata gwiwa.

"Za a kai ka Bizana, ƙofar naku. Amma ka sake ta da zarar reshen ya fita daga gidan nan."

Sannan bakin yarinyar ya motsa. "Matar gida za ta kai ni. Na ji bakinta kwana biyar. Idan ta yi wa wani magana a hanya ban da ni, nan zan sauka in dawo."

Washegari da hantsi MaCele ta fito da reshen a hannu, mijin na jira a mota a bakin titi. MaHlongwa na jingine da shinge, ta shirya.

"Sai ina, sarauniyar mota? Yau wa za a ɗora wa sharri? Ko harshen ne ya..."

Idonta ya sauka kan ƙayar. Ta dubi fuskar MaCele, ta ga leɓenta a cije. Ta cire ɗankwalinta daga kafaɗa ta ɗaura, ta zagayo, ta buɗe mata ƙofar shinge da hannu biyu, ta koma gefe.

MaCele ta ɗaga reshen kusa da bakinta. "Baba Madikizela, muna fita ƙofa yanzu."

Ƙafarta na taka titi ta ji siririyar murya daga cikin gida, muryar da ta sani tun daga zanin goyo.

"Mama? Mama, yunwa nake ji."

Ba ta waiwaya ba. Ba ta amsa ba. A bayanta ta ji takun MaHlongwa na shiga gidan.

"Zo nan 'yata, uwarki na da baƙo. Akwai nono a wurina."