Takalmin Hagu na Alassane

Da hantsi aka kira Sufeto Faraj zuwa filin jirgin saman Sabha, wai an yi sata a ƙofar shiga. Lokacin Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, jirgin Yamai na tashi mako-mako cike da 'yan ci-rani. Faraj ɗan yankin nan na Fezzan ne da ya ji Hausa wurin kakarsa, don haka ƙarar da ta shafi mutanen Nijar shi ake turawa.

Ya tarar da wani magidanci zaune a benci, ƙafarsa ta hagu ba takalmi, tafin ya yi baƙi da robar da aka shimfiɗa sabuwa a wurin bincike. Alassane ke nan, magini a unguwar Gurda. Tun da ya faɗo daga bene ƙafar ta gajarce, ba ya iya tafiya sai da takalmi mai tudu da aka ɗinka masa. Gefensa 'yarsa Mariam ce zaune, rungume da jaka.

A safiyar nan aka fara sabuwar doka: duk mai shiga zaure, matafiyi ko ɗan rakiya, sai ya cire takalmi ya sa a na'ura. Alassane ya sa nasa, na dama kaɗai ya samu a ɗaya gefen. Masu tsaro suka ce tunda takalmi mai kauri ne ya ɓace a wurin bincike, ba zai hau jirgi ba sai an gan shi.

Faraj ya juya na daman a hannu. Wanda ya ɗauki ƙafa ɗaya ba takalmi yake so ba, tafiyar yake son hanawa.

Mai tsaron na'ura ya ce bai ga komai ba, sai dai wata mata mai dogon hijabi ta sunkuya a wurin, ta kuma juya ta fita.

A wurin ajiye motoci Faraj ya sami Illia, direban da ya kawo su Alassane. Illia ya rantse mutum biyu kawai ya ɗauko.

"To kwandon abincin da ke kujerar baya fa, na wa ne?"

Illia ya sosa ƙeya. Daga baya ya ce na Kadidja ne, yayar marigayiya matar Alassane, mai sayar da abinci a Gurda. Ya nuna ta zaune a inuwar katanga.

Kadidja ba ta tashi ba da ta gan shi. Ta ce ko bakin ƙofar ba ta je ba, ita ba ta tuɓe takalmi gaban maza.

"Hajiya, ki cire silifas ɗinki in ga tafin ƙafarki."

"Ba zan cire ba."

"To sai mu tafi ofis, mace ta duba."

 Sai ta zame silifas ɗin da kanta. Tafin ƙafarta baƙi ƙirin da robar nan. Ba ta jira wata tambaya ba, ta zaro takalmin daga ƙarƙashin hijabi ta dangwarar a gabansa.

Alassane ya iso yana dafe da kafaɗar wani ɗan sanda. Kadidja ta faɗi komai a gabansa. Ƙanwarta ta rasu wurin haihuwa, ita ta goya Mariam, ita ta yaye ta, ita ta sa ta makaranta. Sai jiya Alassane ya ce mata zai kai yarinyar ƙauye wurin danginsa da ba su taɓa ganinta ba, ya dawo bakin aikinsa.

"Yaya, 'yata ce fa," in ji Alassane.

"Taka ce, uban Mariam. Faɗa wa Sufeto wane magani take sha in ƙirjinta ya tashi."

Alassane ya sunkuyar da kai.

Faraj ya gaya mata sata a wurin bincike ba ƙaramin laifi ba ne, za a iya rufe ta, ko ma a kore ta daga ƙasar. Ta ce ta sani tun kafin ta sunkuya, in aka sake shirin tafiyar mako mai zuwa ma za ta sake.

Kafin su gama magana lokacin tashi ya yi, ƙarar jirgin Yamai ta cika filin. Kadidja ta ɗaga kai tana bin sa da ido har ya ɓace, sannan ta miƙa hannuwanta. Faraj bai sa mata ankwa ba, ya buɗe mata ƙofar mota kawai.

Kafin ta shiga ta waiwayi Illia.

"Ka kai Mariam gida, ka ba ta abincin nan tun bai huce ba. Gobe akwai makaranta."