Mayafin Jobeda

Ranar da Imrul ya fara zuwa ƙauyen, Motaleb na bakin kududdufi yana wanke ƙafa. Ya hango saurayin tsugunne gaban matan da ke ɗinkin kanta, wato surfanin mayafi na gargajiya, a tsakar gida, yana shafa zaren da yatsa. Ya kuma ga 'yarsa Shiuli ta soke yatsanta da allura, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama. Ya lura saurayin take kallo.

Imrul mai zana tufafi ne daga Dhaka. Yakan kawo wa matan yadi su yi masa surfani, ya kai birni. Gidaje da dama sun samu na cefane ta dalilinsa, Motaleb bai musa ba. Wayar Shiuli ce ta hana shi sukuni. Wata rana ta manta ta kan tabarma, ya ɗauka ya karanta a hankali:

"'Yar allurata, tunda na dawo duk abin da na zana fuskarki yake komawa. Ki faɗa wa Abba ina tafe da manyana."

Manyan ba su riga sun zo ba, sai ga Kuddus mai injin shinkafa, wanda shi ma ya daɗe yana neman Shiuli.

"Baffa, zo ka ga aikin surukinka," ya ce, yana miƙo waya.

Hoton wata budurwa ce sanye da riga. A bayan rigar ga furen bado, ga kifayen nan, ga ɗawisu mai gajeriyar jela. Motaleb ya san su sarai. Marigayiya matarsa Jobeda ce ta ɗinka su a mayafin da ta haɗa da tsofaffin sarinta, dogayen zannuwan da matan can ke naɗawa, domin auren Shiuli. Ya shiga ɗaki ya buɗe akwati. Wayam.

"Aro na ba shi, Abba," in ji Shiuli. "Zanen kawai ya ce zai kwafa."

Washegari Imrul ya iso da ƙunshi. Ya kwance a gaban Motaleb: rigar ce da guntayen ƙyalle.

"Ina sayen tsofaffin mayafai teloli su yanka. Wannan ya shiga cikinsu. Sakacina ne, Baffa."

Motaleb ya ɗauki wani jan guntu. "A cikin sarin nan aka kawo Jobeda gidan nan. Kai komai ka gani na yankawa ne a sayar. Ni kuwa 'ya ɗaya gare ni. Bayan girbi mutanen Kuddus za su zo, kuma zan ba su amsa."

Imrul bai tafi ba. Ya juya wurin Shiuli. "Ara mini allura."

Namiji ba ya ɗinkin kanta a ƙauyen. Amma ya farke rigar, ya kama ɗaki a kasuwa, kullum yana zaune a cikin mata yana haɗa guntu da guntu.

"Ɗan birni, allura ce fa, ba mashi ba," Gwaggo Amena ke ce masa.

"Saura a ɗaura maka sari," in ji Kuddus in ya zo wucewa.

Daga Dhaka ana ta kira, baje kolin tufafin da yake shiryawa ya wuce shi. Motaleb na kallo. Shinkafa ta nuna, aka girbe. Safiyar da baƙin za su zo, Imrul ya shimfiɗa mayafin a gabansa, yatsunsa duk sun kumbura. Ɗinkin ya karkace, ɗawisun ma wuyansa ya kauce.

"Abba, bari in warware in gyara," Shiuli ta ce a hankali.

Motaleb ya bi sawun zaren da hannu, daga ɗinkin Jobeda zuwa na yaron, ya daɗe a haka. A waje ana ta sallama.

"Bar shi haka, Mamana," ya ce. Sannan ya dubi Imrul. "Ɗinkinka bai da kyau."

"Na sani, Baffa."

"Turo manyan naka."

Motaleb ya fita ya ba mutanen Kuddus haƙuri. Ranar ɗaurin aure kuwa, Motaleb ya haɗa hannun Shiuli da na Imrul.

"Allah ya zaunar da ku lafiya," ya ce da ƙyar. "Ka riƙe mini ita da kyau."