Sirrin Yayana a Jikin Bango

Biron ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa, amma ko sunkuyawa ban yi ba.

Idanuna na kan farin bangon da majigi ke haskawa.

"Mara lafiya na uku," in ji Likita, da muryar nan tasa mai sanyi da na shekara biyu ina kwana ina tashi da ita. "Tela ne, shekarunsa talatin da shida. Matarsa ta rasu bara. Yana da tarin fuka, yana kuma ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki..."

Sai ya katse bayanin.

Ya ga layin ƙarshe, wanda kowa ya riga shi karantawa: ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ke karɓo masa magani.

Mu talatin da biyu ne a ɗakin. An tara mu horon mako biyu don a koya mana haɗa aikin ɓangaren masu tari da na masu cutar garkuwar jiki, yadda mara lafiya zai riƙe kati ɗaya, ya bi layi ɗaya, a rana ɗaya. Kuma fiye da rabinmu, fararen rigunan da ke jikinmu Yayana ne ya ɗinka su.

Kai ɗaya ya juyo gare ni.

Sai na biyu.

Sai ɗakin gaba ɗaya.

A can gefe, bayan kwamfuta, Sakatariya ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Likita ce, tun ranar da ya sa min zobe ta daina amsa gaisuwata. Na ga gefen bakinta yana motsi.

Na miƙe na fita.

A baranda ya cim min, yana haki.

"Zumata... ki tsaya ki ji ni!"

"Kada ka sake kira na da sunan nan."

"Wallahi ba ni na rubuta layin nan ba! Ban sa suna ba, ban sa unguwa ba..."

"Wa ya rubuta?"

Ya kalli ƙasa.

"Sakatariya na ba wa takardun ta buga."

"A ina ta san ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce?"

Ya kau da kai.

"Likita, tambayarka nake. A ina ta sani?"

"Ta tambaye ni inda na samo labarin... sai bakina ya suɓuce."

Bakinsa ya suɓuce!

Wata huɗu kafin nan, a cikin motarsa, gilasai a rufe, na gaya masa. Lokacin Yaya ya rame kamar tsinke. Ranar Litinin ya bi layin masu tari a wannan gefen asibiti, ranar Alhamis ya bi ɗaya layin a wancan gefen, kowane ɓangare bai san abin da ɗayan ya rubuta masa ba. Har ya ce ya gaji, a bar shi ya bi matarsa. Na yi kuka a kafaɗar Likita kamar raina zai fita, na ce ko Inna da ta haife mu ba ta sani ba. Shi ya zauna ya daidaita magungunan da hannunsa. Shi ya riƙe fuskata ya ce, "Abin da kika faɗa a motar nan, a motar nan ya mutu."

"Don a ceci wasu na yi," ya ce yanzu, idanunsa sun kaɗa. "Labarin Yaya ya fi duk abin da ke littafi. In suka ji shi, ba za su ƙara raba layi ba."

"Ka tambaye shi?"

Ya girgiza kai.

"Ka tambaye ni?"

"Na san za ki ƙi."

Wannan ce ta ƙarasa ni. Ashe ba mantuwa ba ce. Ya san zan ƙi, shi ya sa bai tambaya ba.

Kwana uku kacal maganar ta yi ta zaga ko'ina. Ai zancen duniya ba ya ɓuya, balle wanda aka haska a bango.

Na je shagon Yaya na tarar da wata ungozoma tsaye a bakin ƙofa, ta rufe hanci da gefen mayafi.

"A ba ni yadina haka nan, na fasa ɗinkin."

"Hajiya, ai na yanka..."

"Ba komai, a zuba min a leda."

Ma'aikaciyar lafiya ce fa! Da kunnenta ta ji a horo cewa wanda ya yi watanni yana shan maganin tari yadda ya kamata ba ya shafa wa kowa, kuma ɗaya cutar ba a ɗaukar ta a jikin tufafi. Amma ta karɓi ledar da yatsu biyu.

Da ta tafi, Yaya ya zauna a bayan kekensa. Ƙusoshin bango da ke cike da riguna sun koma tsirara.

"Ƙanwata," ya ce a hankali, "ke kaɗai na gaya wa."

"Yaya..."

"Jiya 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka. An janye mata benci."

Na durƙusa na kama ƙafarsa. Bai ture ni ba, bai kuma ɗaga ni ba.

Washegari mahaifiyar Likita ta aiko in je. Na same ta a falo, Sakatariya na zaune a ƙasa tana matsa mata ƙafa.

"'Yar nan, ba zan ɓoye miki ba," ta ce, ko wurin zama ba ta nuna min ba. "Ɗa ɗaya gare ni. Gidan da wannan abin ya shiga, ba zan haɗa jini da shi ba."

"Mama, ni lafiyata lau. Kuma Yayana ba laifi ya yi ba, ciwo ne."

"Ji min yarinya! Ni za ki yi wa karatu?"

"Ai Mama," in ji Sakatariya da sanyin murya kamar mutuniyar kirki, "gara da abin ya fito kafin a ɗaura."

Na dube ta. Ban ji haushinta kamar yadda na zata ba. Ita maƙiyiya ce, aikinta ta yi. Wanda ya miƙa mata wuƙar shi ne nawa.

Abin da na fi tsoro shi ya faru. Na buɗe durowar Yaya na ga ƙwayoyin kwana biyar ba a taɓa ba.

"Yaya, in ka tsaya yanzu tarin zai dawo, kuma zai iya daina jin magani!"

"In warke in yi wa wa ɗinki?"

Ban koma horon ba. Kullum da safe sai in zo da kofin ruwa in zauna a kan bencin shagon, in ce ba zan tashi ba sai ya haɗiye. Rana ta farko ya yi banza da ni har azahar. Ta biyu Inna ta zo, wadda a bakin maƙwabta ta ji abin da ke damun ɗanta. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta karɓi kofin daga hannuna.

"Buɗe bakin, ɗan nema. Da kana ƙarami ma da ɗure na raine ka."

Yaya ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya haɗiye.

Bayan mako biyu Likita ya zo shagon. Ya faɗa, gemu ya cika masa fuska. Ya durƙusa a kan tarkacen yadi a gaban Yaya.

"Na ci amanarka. Na je da kaina na faɗa wa shugabannin horon abin da na yi, sun sauke ni. Sakatariya ma an sallame ta. Mama kuma na gaya mata, in ba ƙanwarka ba, na haƙura da aure."

Yaya ya daɗe yana kallonsa.

"Kai ka gyara min magani lokacin da nake mutuwa. Ban manta ba. Tashi, na yafe."

Sai Likita ya juyo gare ni.

"Hasken idona... ke fa?"

Zuciyata ta buga yadda ta saba bugawa in ya kalle ni haka. Ban yi mata ƙarya ba, ina sonsa.

Na zare zoben. Da ƙyar ya fita.

"Na yafe maka, Likita."

"To me ya sa..."

"In na aure ka, duk ranar da wani abu ya dame ni, sai na tsaya na auna ko in gaya wa mijina ko in haɗiye. Ba zan iya wannan zaman ba."

"Sau ɗaya ne! Kuskure ɗaya!"

"Ka ce ka san zan ƙi."

Na sa masa zoben a tafin hannu na naɗe yatsunsa a kai. Ya fita yana haɗa hanya kamar wanda ya sha wani abu.

Wata biyu bayan nan aka sake gwada majinar Yaya, aka ce tarin ya tafi. Ɗaya maganin kuma zai ci gaba da sha, ya yi ƙiba har wandunansa sun matse shi. Masu ɗinki sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna kame-kame.

Ran nan da yamma ya hau kujera ya sauko da wani ƙunshi daga saman kabad. Farin leshi ne mai laushi, yadi biyar.

"Tun ranar da Likita ya fara zuwa gaishe ni na saye shi," ya ce. "Na ce ba wanda zai ɗinka miki rigar amarci sai ni. Har yanzu yana kiran wayata kullum, ƙanwata. In ajiye?"

Na shafa yadin. Hawaye ya ɗiga a kai, na yi sauri na goge.

"Yanka shi, Yaya. Ka yi wa 'yarka riga mai kyau, ta shiga makaranta da ita ranar da za a ba da hutu kowa ya gani."

Ya dube ni, ya dubi yadin.

Sannan ya ɗauki almakashi.