Tafin Hannun Mama a Kan Sifika

Ranar da ta fara shiga shagonsa na gyaran kayan sauti, rungume take da tsohuwar sifika ta katako, ɗayar tana waje cikin mota. Yana tsugune yana liƙa waya, ya ɗago ya gan ta, sai da ya ƙone yatsa sannan ya dawo hayyacinsa.

"Injiniya, na mahaifina ne, sun fi shekara talatin. Ina so su dawo sababbi."

Ita ce auta a gidansu, kowa ma Auta yake ce mata. Mahaifiyarta ta rasu bara. Mahaifinta kuwa kunnensa ya yi nauyi ƙwarai, amma kullum da yamma sai ya sa kaset ɗin da marigayiyar ta taɓa rera waƙar reno a ciki, ya zauna ya dafa sifika. Auta ta so ta faranta masa, shi ya sa ta ɗauko su.

Aikin mako ɗaya sai ga shi ya cinye wata guda, kuma ba laifin katako ba ne.

"Autata, yau ma banish ɗin da na shafa wa katakon bai bushe ba. Sai kin zo kin duba."

"Wannan banish naka ko a cikin rafi ka shafa shi ya isa ya bushe. Ga ni nan, Injiniyana."

A saman ɗaya sifikar akwai wani wuri da ya koɗe, faɗin tafin hannu. Shi mutum ne da ba ya ƙaunar ganin tabo a katako. Ya bi shi da sanfefa har ya yi sumul, yana ta jin daɗin gwanintarsa.

Ranar da ya kai su gida, Auta ta riga ta gaya wa mahaifinta zancensu. Dattijon ya shafa saman sifikar, ya sake shafawa, sai hannunsa ya tsaya.

"Ina wurin?"

Injiniya ya matso kusa da kunnensa. "Tabo ne, Baba, na goge."

"A nan take buga hannu in tana waƙa. Shekara talatin tana yinsa, kai ka share a yini ɗaya." Ya janye hannunsa. "Wanda ba ya tambaya kafin ya goge, ba zan ba shi 'yata ba."

Cikin makon har dattijon ya fara kawo mata zancen ɗan wani abokinsa mai sayar da motoci. Auta ta rame. Ta rubuta wa Injiniya: "Ni ce na ce su dawo sababbi. Kullum ina ganin wurin, ban taɓa tambaya ba."

Ya amsa: "Hannuna ne ya goge, Autata. Ki aro min kaset ɗin."

Ya saurare shi ya fi sau goma. Can ƙarƙashin muryar akwai wani bugu, dum, dum, mai kauri, wanda tsofaffin sifikun ba sa iya fitarwa sosai. Ashe a kan sifikar aka ɗora rakoda ranar da aka ɗauki waƙar.

Ya ƙera sabufa, akwatin nan mai fitar da amon da ake ji a ƙirji, ya bar katakon haka nan ba banish. Da ya kawo, dattijon ya kau da kai. Auta ta durƙusa.

"Baba, don Allah, sau ɗaya kawai."

Ya haɗa wayoyi, ya saita ta yadda amon ƙasa kaɗai zai bi ta cikinta. Auta ta kama hannun mahaifinta ta ɗora a kai. Kaset ya juya. Katakon ya fara bugawa cikin tafinsa, a hankali, daidai yadda take yi.

Dattijon ya rufe ido, hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Hannunta ne," ya ce.

Sai da waƙar ta ƙare ya dubi saurayin. "Wannan kada ka shafa masa komai."

"Ba zan taɓa ba, Baba."

"To, ka turo iyayenka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za su tafi, dattijon ya haɗa hannayensu. "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku shekarun da suka fi namu, ku tsufa tare."

Yanzu saman sabufar ya fara duhu inda dattijon yake dafawa. Duk sanda Injiniya ya zo gaisuwa sai ya dubi wurin, ya mai da hannunsa aljihu.