Ƙullin Igiya a Mariƙin Injin Ƙanƙara

Ƙarfe sha ɗaya saura na safiyar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Injin kwashe dusar ƙanƙara na ƙauyen Kamitani ya matse dattijo Kuwabara da bangon rumbunsa, rai ya yi halinsa.

Sufeto Nagumo ɗan waɗannan tsaunuka ne, ya san matsayin injin nan. Gida goma sha huɗu ne a ƙauyen, mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura sittin. In babu inji, kwana biyu sun isa ƙanƙara ta toshe musu ƙofofi.

Ya tarar an ɗauke gawar. Injin na tsaye, ja wur da sabon fenti, ƙafafunsa irin na katafila, giyarsa a ta baya. A shekaru ya girmi sajan ɗin da ke gadinsa.

"Yallaɓai, magana a fili take," in ji sajan. "Tsoho na aiki shi kaɗai, santsi ya kwashe shi, inji bai tsaya ba. Ka san da zarar an saki mariƙin nan dole ya tsaya. Wanda ya gyara ne ya yi aikin banza."

"Wa ya gyara?"

"Shigeno, tsohon bakanike. Shekara biyu yana fama da shi. Shugaban ofis ya ce kafin yamma a tuhume shi da sakacin da ya jawo kisa, a kuma ɗauke injin."

 Idon Nagumo na kan wata doguwar gora da ta karye a gindin bango.

"Wannan fa?"

"A hannun mamacin aka same ta."

A tsaunukan nan ko jariri ya san mai gora shi ke zagaya inji yana nuna inda kwalbati da duwatsu suke a ƙarƙashin ƙanƙara. Mai tuƙi kuwa hannu biyu yake sawa.

"To da wane hannun ya riƙe inji?" in ji Nagumo. "Ka gaya wa shugaba ina neman ya ba ni lokaci zuwa yamma. Ba za a taɓa injin nan ba sai na gama."

Aka kira Shigeno. Ɗan gajere ne, baƙin mai ya zauna a faratansa har ba ya fita. Idanunsa sun kumbura da kuka, amma da aka taɓo aikinsa sai ya miƙe ƙyam.

"A bayan rumbun ƙungiyar ƙauye na tsince shi, ɓeraye sun yi gida a ciki. Sarƙar ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya na kankare tsatsarta. Haƙoran gaba ni na sake yi musu walda. Mariƙin nan kuma shekara goma a mace yake, ni na dawo da shi da sabon sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da shi in an saki. Sufeto, ka ce min mummuna in yarda, amma kar ka ce aikina ne ya kashe dattijo Kuwabara."

"Tayar da shi mu gani."

Bugu ɗaya ya kama. Shigeno ya matsa mariƙin, inji ya motsa. Ya saki, ya tsaya cak. Sau goma ana yi. Nagumo ya gwada da kansa, bai yi minti biyu ba ya ji tafin hannunsa na zogi.

Ya sunkuya. A tsakiyar mariƙin fenti ya goge a zagaye, kamar sawun zobe a yatsa, ga 'yan zaren bambaron shinkafa a maƙale.

"An ɗaure shi da igiya. Wa ya yi?"

"Ban sani ba."

"Ba wanda ya taɓa kuka da taurinsa?"

"Ko mutum ɗaya," in ji Shigeno, yana kallon takalmansa.

Matar mamacin, Misao, tana zaune gaban teburi da kofuna biyu da ba a sha ba. Nagumo ya yi mata ta'aziyya, sannan ya nuna kofunan.

"Na shayin ƙarfe goma ne," ta ce. "Da zai fita ya ce in haɗa na mutum biyu."

"Ya faɗi ko wane ne?"

"Shi da faɗar abu? Shekara hamsin da takwas ina cinta. Ya dai ce in fito da tsimin kabeji marar gishiri."

"Wa ba ya cin gishiri?"

"Rabin ƙauyen nan, ɗana. Likita ya hana mu komai sai numfashi."

Takardar jerin aiki na manne a bangon ɗakin, kowane gida da ranarsa. A layin Talata an rubuta Hasumi.

"Mama, mutane na kuka da mariƙin injin?"

"Kowa ma. Hasumi har faɗa ya yi da Shigeno a wajen taro, ya ce yatsunsa ba za su iya ba. Shigeno ya ce haka masu injin suka ƙera shi, haka zai zauna. Tun suna aji ɗaya suke wannan hali."

Nan Nagumo ya gane ƙaryar bakaniken. Abokinsa yake rufa wa asiri, alhali shi igiya ke shirin hawa wuyansa. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi tausayi.

Hasumi mai lambu ne, shi da wasu mutum biyu ke ɗaure wa itatuwan ƙauyen rassa da igiyar bambaro kafin hunturu, don kada nauyin ƙanƙara ya karya su. Nagumo ya same shi a naɗe cikin bargo yana tarin da ba ya fitowa daga ƙirji.

"Mura ce ta kayar da ni tun jiya. Na ce wa dattijo Kuwabara ya jira gobe, amma ka san tsoho da gaggawa."

"Ba ka fita ba yau?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba."

Ya zuba wa baƙonsa shayi da hannun hagu. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura kamar citta. Da Nagumo zai fita, ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana duba ƙullin igiyar da ke jikin itatuwa, sannan ya bi gida gida yana duba na sauran.

Zato dai ba hujja ba ne, kuma tun safe ƙanƙara ta ƙara kusan kamu biyu. Nagumo ya ari shebur da rariyar girki, ya shata daga inda injin ya fara ja da baya zuwa bangon rumbu.

"Yallaɓai, duk wannan za mu tace?" in ji sajan.

"In kana da wani aiki da ya fi hana a ɗaure marar laifi, je ka yi."

Sau biyu shugaban ofis yana bugowa, sau biyu Nagumo yana cewa saura kaɗan. Safar hannunsa ta jiƙe ta daskare, ya cire ta ya ci gaba. Ƙarfe uku da rabi, taku ɗaya daga bangon, wani abu ya tsaya a rariya.

Ya koma gidan Hasumi, ya sa aka kira Shigeno, ya ajiye guntun igiyar da ya tono, da ƙullinta, a teburi.

"Irin wannan ƙulli ba ya kuncuwa, sai dai a yanke, kuma da almakashin lambu aka yanke shi. Ku uku ke yin sa a ƙauyen nan. Na biyun yana kwanciya dama. Naka kaɗai ke kwanciya hagu, Hasumi."

Tarin ya ɗauke. Hasumi ya daɗe yana kallon igiyar.

"Yatsuna ne," ya ce a hankali. "Tun farkon hunturu nake ɗaurewa, in na gama in yanke. Yau na sa giyar baya, sai hulata ta faɗi. Hula, Sufeto. Na saki inji na sunkuya, ban san yana bayana ba. Kafin in zaro almakashi, an gama."

"Me ya hana ka kiran mutane?"

"Tsoro. Da na ji ana cewa gyara ne, sai na ja bargo na yi shiru." Ya juya ga abokinsa. "Ka yafe min."

Shigeno bai ɗago ba. "Akwai sifirin mai laushi a garejina tun watan jiya," ya ce. "Na saya bayan faɗanmu. Girman kai ne ya hana ni sawa."

Nagumo bai sa wa Hasumi ankwa ba, ya dai riƙe masa hannu saboda santsi. Da suka isa mota, sai ga hanya ta shafe gaba ɗaya, ko alamar taya babu.

Shigeno ya dubi Sufeto. Sufeto ya gyaɗa kai, ya ɗauki wata gora ya shiga gaba.

Inji ya kama da bugu ɗaya, ya shiga cin ƙanƙara yana watsa ta gefe. Sajan na tuƙi, Hasumi na zaune a kujerar bayan mota yana kallon abokinsa yana buɗe masa hanyar zuwa ofishin 'yan sanda. Tafiyar rabin awa ce zuwa babban titi, hannun Shigeno na zogi, amma bai saki mariƙin ba sai da motar ta wuce.