Waƙar Halilu a Ƙasan Rijiya

"Nazifa, don Allah ɗago ki dube ni... wai laifin me na yi miki?"

Ba ta ɗago ba. Tana zaune a bakin tabarma a ƙofar gidansu da ke Dogo-Dogo, sai murza gefen mayafinta take yi. Sadisu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Magariya, ya sha yashi a kan moto, babur ɗinsa, kafin ya iso, amma ko ruwan da ta kawo masa bai taɓa ba.

"Ba ka yi mini komai ba, Yaya Sadisu."

"To me ya sa duk sanda na ta da maganar sa rana sai ki ce a dakata? Inna ta fita takaba tuni. Gero ya nuna, an kai rumbu... me kuma muke jira, sanyin idona?"

"Ka nemi wata kawai."

"Wata?! Nazifa, ni kike gaya wa haka?"

Kuka ya ƙwace mata. Ta tashi da gudu ta shige gida, ta bar shi tsaye da hula a hannu.

Ba don ba ta son sa ba ne. Allah ya sani, ko sunansa ta ji an ambata sai gabanta ya faɗi. Babanta ne ya tsaya mata a rai.

Halilu Mai Rijiya! Daga Dogo-Dogo har Bande, da wuya ka sami ƙauyen da bai sha ruwan hannunsa ba. Gajere ne, baƙi, tafin hannunsa kamar bayan kuka don kaushi. Da damina yana gona kamar kowa. Da an yi girbi sai ya ɗaure igiyoyinsa a kan jaki, ya bi ƙauyuka haƙa da yasa.

Nazifa tana tuna dawowarsa. Laka ta bushe masa fari fat har gwiwa, aljihunsa cike da magarya da goruba. Tun daga bakin gari yara suke rufa masa baya, kowa sai ya samu. Nata kuwa a cikin hula yake ɓoyewa.

"Uwata, zo ki cire mini hular nan, ta yi mini nauyi," haka yake cewa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Bara, ana cikin shirin aurenta, ya tafi yasar wata tsohuwar rijiya a gefen Bande, alhali yana fama da tari. Ya dawo ƙirjinsa na kuka. Sati bai zagayo ba Allah ya karɓi abinsa.

Inna Habsatu ta same ta a ɗaki, ta kifa fuska a kan katifa.

"Ke, yaron nan ya tafi ransa a ɓace. Gaya mini gaskiya, me ke cin ki?"

"Inna... ni na kashe Baba."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Don kayan ɗakina ya shiga rijiyar nan da ciwo. Da ban ce ina son aure ba, da yana nan! Ta yaya zan kwanta a kan gadon da ya ci ransa?"

Inna ta zauna kusa da ita. Ta share idonta da bakin zane, ta ce, "Ashe abin da kike haɗiya ke nan ke kaɗai? Bari. Akwai wanda ya fi ni sanin wannan tafiya."

Washegari da hantsi sai ga Baba Ajimi a kan jakinsa daga Sassumbrum. Shi ne abokin aikin Halilu tun suna samari: Halilu a ƙasa, Ajimi a sama riƙe da igiya. Ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ya sha fura, sannan ya dube ta.

"'Yar nan, an ce kin ɗora wa kanki kayan da ba naki ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Kayan ɗakinki gyaɗar gonarsa ce ta yi su, ni na raka shi kasuwa tun kafin tafiyar nan. Abin da ya kai mu Bande daban ne. Matan wani ƙauye ne suka aiko, rijiyarsu ta cike da yashi, har mai tsohon ciki tana zuwa ɗiba wani gari. Na ce, Halilu, bari tarin nan ya lafa. Ya ce, Ajimi, ƙishirwa ba ta jiran tari. Kin san babanki... wa ya isa ya hana shi?"

Hawaye suka zubo mata.

"Kuma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba," in ji shi, yana murmushi. "Shekara da shekaru ina riƙe da igiyarsa, ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Amma tun da iyayen Sadisu suka kawo goro, mutumin nan ya hana ni sakat! Yana can ƙasa, murya kamar ta jaki mai mura, yana ta rerawa: ruwa taso, ruwa taso, uwata za ta ɗaki!"

Dariya ta kuɓuce wa Nazifa a tsakiyar kuka. Inna ma ta toshe baki da zane.

"Wallahi har mata suna leƙawa suna tafa masa. Ban taɓa ganin Halilu cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Ajali ne ya ɗauke shi, 'yata. Aurenki kuwa, shi ne daɗin da ya tafi da shi a baki."

Da la'asar ta ɗauki salular Inna, ta kira Sadisu.

"Yaya Sadisu... ka yafe mini."

Ta ji ajiyar zuciyarsa.

"Nazifa, ko shekara goma kika ce in jira, wallahi zan jira. Wata dai kar ki sake ce mini in nema."

"Ba zan sake ba... Ka turo su kawunka a sa rana."

Ranar ɗaurin aure Dogo-Dogo ta cika maƙil. Amalanke bayan amalanke, daga ƙauyukan da Nazifa ko sunansu ba ta taɓa ji ba. Tsofaffin mata suna kama hannunta suna cewa, "Ke ce ta Halilu? Allah ya jiƙan mai ba mu ruwa!" Wannan ta kawo tabarma, waccan ƙwaryar man shanu.

Da aka zo tafiya da amarya, aka kai ta gaban Baba Ajimi don ya yi mata nasihar uba. Ta durƙusa, lulluɓe da mayafi. Ya gyara murya.

"Ki yi haƙuri a gidan mijinki... ki riƙe salla... ki..."

Maganar ta sarƙe. Tsohon ya juya fuska, kafaɗunsa na girgiza. Nazifa ta kama hannunsa da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai.

"Na ji, Baba," ta ce cikin kuka. "Na ji duka."